Amsoshin Wasiƙunku: Tsadar Mai Da Injin Ban-Ruwa Mai Aiki Da Rana

Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da muka bayar a filinmu na rediyo mun juye su a takarda, domin wanda shirin ya wuce shi da wanda yake so ya ajiye ya sake dubawa. A wannan karon wasiƙu da saƙonnin waya da suka taru a gabanmu kusan duk bakinsu ɗaya, watau kukan man fetur. Saboda haka muka tsamo huɗu daga ciki, muna fata amsarsu za ta wadatar da sauran.

Ta farko ta fito daga wani manomin rani a kwarin Haɗeja, jihar Jigawa. Ya ce: "Don Allah ku bayyana mini abin da ya sa mai ya yi tsada haka alhali a ƙasarmu ake haƙo shi, kuma yaushe zai sauko? Sa'an nan ana ta ce mana mu koma injin ban-ruwa mai aiki da rana. Shin yana fidda manomi kuwa, ko dai tallar 'yan kasuwa ce?"

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma za mu daɗe a kanta, domin ta shafi jama'a da yawa.

Da farko dai, abin da ake haƙowa a kudancin Nijeriya ɗanyen mai ne, ba ya shiga inji sai an tace shi. Gwamnati tana da matatun mai huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 kowace rana. Ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. Amma shekara da shekaru matatun nan suka yi suna kwance, sai ya zamana mu sayar da ɗanye a waje, mu sayo tatacce da dalar Amurka. Ka ga kamar manomin da ya kai gyaɗarsa kasuwa ya sayar, ya dawo ya sayi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a hannun wani.

To me ya sa a da ba ka ji zafin abin ba? Saboda gwamnati ce take cika ragowar kuɗin. Watau in an sayo lita da tsada, sai a sayar maka da rahusa, gwamnati ta biya abin da ke tsakani daga baitulmali. Shi ne tallafin mai da kake ji ana faɗa. A shekarar 2022 kaɗai abin da tallafin ya ci ya haura naira tiriliyan 4. Wani kaso na man nan mai rahusa kuma ba ya ko kwana a ƙasar, ta kan iyaka yake sulalewa zuwa Nijar da Binin da Kamaru.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin ya ƙare, a cikin jawabinsa na kama aiki. Kafin mako ya zagayo, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man kamfanin NNPC na Abuja. A watan Yuli na shekarar ta kai 617, a Satumban 2024 ta kai 897, a Oktoba kuwa ta taɓa 1,030. Kai da ke ƙauye, wanda sau da yawa a hannun 'yan bumburutu kake sayen galan, ka san abin da ka biya ya fi haka. Daɗin daɗawa, a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke bayarwa a wajen naira 460 sai ga ta ta wuce 1,500 a shekarar 2024. Duka biyu ke nan a lokaci guda, an cire tallafi, kuɗin da ake sayo man da shi kuma ya yi tashin gwauron zabo.

Za ka ce, to ai yanzu ga matatar Ɗangote a Legas. Haka ne, an gina ta don tace ganga 650,000 a rana, kuma ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024. Ta rage dogaro da man waje, kuma a cikin 2025 an ga farashi ya ɗan sauko ƙasa da naira dubu a wurare da yawa. Sai dai fa ita ma sayen ɗanyen man take yi, kuma ko da naira ta biya, da farashin kasuwar duniya ake yi mata lissafi. Kasuwar duniya kuwa ba ta san da zamanmu ba. Da Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren a 2022, ganga ta haura dala 120, nan take man dizal ya ninka kuɗinsa a nan gida, masu injin niƙa da masu gidan burodi suka ji a jikinsu. Duk ranar da rikici ya tashi a inda ake haƙo mai ko a hanyar da jiragen dakonsa ke bi, sai ya biyo ka har bakin fadamarka.

Game da yaushe zai sauko, bari mu duba baya. A 1994 lita naira 11 ce. A farkon 2012 aka ɗaga ta daga 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, aka tsaya a 97. A 2016 ta koma 145. Yakan ɗan sauko jefi-jefi, kamar zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka mayar da shi 65, amma in ka ɗebi shekaru goma-goma ka auna, sama yake yi. Don haka shawarata, Malam, kada ka shirya noman baɗi a kan tsammanin lita za ta koma naira 200. Batun ina kuɗin tallafin da aka cire suka shiga kuwa, tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinka ne ka yi ta. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru tun daga lokacin. Ka tambayi ciyaman ɗinku da ɗan majalisarku me aka yi wa manoman rani da shi.

Yanzu sai batun rana. Kana jin ana cewa makamashi mai tsabta. Abin da ake nufi shi ne ƙarfin da ake samu daga hasken rana, ko iska, ko gudun ruwa kamar na madatsun Kainji da Shiroro, ba tare da an ƙona wani abu ya yi hayaƙi ba. Fetur da dizal da kwal da iskar gas kuwa ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da suka daɗe binne a ƙarƙashin ƙasa, in an ƙona su sai su saki wata iska da ke taruwa a sama tana riƙe zafi, kamar an lulluɓe duniya da bargo. Masana sun danganta ƙaruwar zafi da rikicewar damina da wannan iska. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a birnin Paris a 2015 cewa za a rage ta, Nijeriya ma ta yi alkawarin nata a 2021. Nahiyar Afirka gaba ɗaya abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba, saboda haka ba zan tsaya ina ɗora wa ɗan injinka laifin ɗumamar duniya ba. Abin da ya shafe ka a cikin labarin shi ne, saboda manyan ƙasashe sun raja'a a kan wannan hanya, musamman Sin wadda ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya, kuɗin farantin ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Mai yana hawa, faranti yana sauka. Abin da ya kawo shi kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato ke nan har ya fara shiga ƙauye.

Farantin nan ana yin sa da wani sinadari da ake tacewa daga farin yashi. In haske ya sauka a kansa sai ya haifar da lantarki, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya cinye. Ka lura, haske yake so. Zafi mai tsanani ma rage masa ƙarfi yake yi, shi ya sa ake ɗaga shi daga ƙasa don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa. Mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki.

Cikin duk ayyukan da ake sa rana ta yi, ban ga wanda ya dace da ita kamar ban-ruwa ba. Dalili kuwa, lokacin da shuka ta fi jin ƙishirwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma aikin da rana tsaka ake yin sa. Ke nan ba ka bukatar batir, alhali batir shi ne abin da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa a cikin kayan sola. Faranti ne kawai, sai ɗan akwatin da ke daidaita wutar, sai famfon da tiyo. Rana ta fito ruwa ya zubo, rana ta faɗi ya tsaya.

Amma fa kada wani mai talla ya ruɗe ka, akwai inda yake da rauni. Injin fetur mai baki inci uku yana da ƙarfin tura ruwa, cikin awa kaɗan ya cika maka fangali ka naɗe tiyo ka tafi gida. Ƙaramin famfon sola bai kai shi ba ko kusa. Yana ba da ruwa a hankali, daga hantsi zuwa la'asar, kuma da safe da yamma ƙarfinsa kaɗan ne. Dole ka sake tsarin ban-ruwanka, ka raba gonar kashi-kashi, yau wannan gefe gobe wancan, ko ka yi tafki ko tanki a tudu ka tara ruwan ka saki lokacin da kake so. Mai lambun tumatir, albasa, tattasai, kabeji ko latas mai kadada ɗaya ko rabi, wannan zai ji daɗinsa. Mai shinkafar rani kadada biyar kuwa, wanda gonarsa sai ta kwana cikin ruwa, zai bukaci faranti masu yawa da babban famfo, kuɗin kuma ya yi nisa. Har wa yau in hazo ya yi kauri a lokacin hunturu, ruwan zai ragu. Saboda haka kada ka sayar da tsohon injinka a shekarar farko. Ajiye shi don ranar da aka wayi gari ba rana, shuka kuma ba ta san uzuri ba.

Ko yana fidda manomi? Wannan lissafi ne, kuma kai za ka yi shi da hannunka. Ga yadda ake yi. A ce duk ban-ruwa ɗaya injinka yana shan lita 5, kana yi sau biyu a mako, amfanin kuma yana ɗaukar mako 14 kafin ka gama ɗiba. Ban-ruwa 28 ke nan, lita 140. Lokacin da lita take naira 195, kuɗin manka naira 27,300 ne. In lita ta zama naira 1,000, ya koma 140,000. Ƙara kuɗin baƙin mai, da fulogi, da makanike, da kuɗin babur zuwa gidan mai. To sai ka je kasuwa ka tambayo kuɗin kayan sola da za su ɗauki gonarka, har da kuɗin mai haɗawa. A ce, alal misali, an ce maka naira 700,000. Raba shi da 140,000, ka samu 5. Watau sai ka yi noman rani biyar kafin kuɗinka su dawo, in sau ɗaya kake yi a shekara. In kana yin zubi biyu, ko kana ba maƙwabcinka ruwa yana biyanka a ranakun da gonarka ba ta bukata, ko kana kai farantan gida da damina ana cajin waya da su, lokacin zai ragu sosai. Waɗannan lambobi misali ne na kawo. Ɗauki alƙalami ka sa naka na gaskiya, domin mai gona kusa da kogi da mai jawo ruwa daga rijiya mai zurfi lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Ka ga ke nan inda gizo ke saƙa. Fetur kullum kake biya kaɗan-kaɗan, sola kuwa kuɗin shekaru take nema a dunƙule rana ɗaya, kuma talaka ba shi da dunƙulallen kuɗi. A ƙasar Indiya, a 2019 gwamnatin tarayya da ta jiha suka fara ɗauke wa manomi kashi 60 cikin 100 na kuɗin irin wannan famfo. A ganina irin abin da ya kamata ƙungiyoyin manomanmu su matsa a kai ke nan, ya fi rabon buhun shinkafa da ake yi a ci a manta. Dattawa za su tuna yadda injin fetur ɗin kansa ya shigo fadama. Da jigo ake ban-ruwa, sai hukumomin raya aikin gona na jihohi a shekarun 1980, da shirin Fadama na Bankin Duniya daga farkon shekarun 1990, suka kawo injuna da ƙananan rijiyoyin burtsatse a kan rahusa da bashi, har jigo ya zama labari. Kafin irin wannan ta samu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum uku ko huɗu masu gonaki a jere za su iya yin adashi su sayi ɗaya, su raba ranaku. Amma a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, wa ke da wace rana, wa zai ajiye kayan, in ya lalace yaya za a yi. Akwai kuma kamfanonin da ke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. In za ka shiga, sa wanda ya iya karatu ya tara maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka kuma tambayi abin da zai faru in ka makara wata ɗaya.

In ka tashi saye, ga abin da za ka kiyaye. Fara da auna zurfin ruwanka a watan Afrilu, lokacin da ya fi yin ƙasa. Famfon da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ko na fetur ne ko na rana. In ya wuce haka sai wanda ake zurawa ciki, wanda makanikai ke kira sumo. Sa'an nan ƙarfin faranti ya fi na famfo. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, amma yana son faranti da suka haura wat 1,000, kamar guda huɗu masu wat 300, don ya tashi da wuri ya kuma jure hazo. Kasuwa kuwa cike take da jabu. Za ka ga ɗan ƙaramin faranti an manna masa takarda an rubuta wat 500. Na gaskiya mai wat 500 ya fi dogon mutum tsawo, faɗinsa ya haura mita ɗaya, kuma yaro ba ya ɗaukarsa. Ka je da wanda ya san aikin, a fito da shi rana a gwada da mita a gabanka, a rubuta maka rasit da garanti. Araha ba ta ado.

Wajen kafawa, a fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine shi kaɗan. Kada inuwa ta taɓa ko da gefe ɗaya, domin inuwar reshe guda takan janye ƙarfin farantin gaba ɗaya. Ƙura ma haka. A riƙa goge shi da ruwa zalla da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Ɓarayi kuma sun san darajarsa, shi ya sa manoma da yawa suke ɗora nasu a kan amalanke ko kura, su kai gona da safe su dawo da shi gida da magariba.

Abu ɗaya da nake jin tsoro shi ne ɓarnar ruwa. Mai injin fetur yana kashe shi da wuri don yana jin ƙarar kuɗinsa na ƙonewa. Mai sola kuwa sai ya ga ai kyauta ce, ya bar famfo yana zuba tun safe har yamma. Ruwan ƙarƙashin fadama yana da iyaka, damina ce ke mayar da shi. In kowa ya yi haka rijiyoyi za su ƙafe tun kafin amfani ya nuna, taki ya wanke ya bi ruwa, wata ƙasar ma gishiri ya taso mata. Gona ta ƙoshi, a kashe famfo. Allah Ya ba da sa'a, Malam.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Gusau, mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Ta ce janareta ya cinye ribar, tana so ta san ko sola za ta ɗauki firiza.

Hajiya, za ta ɗauka, amma lissafinki ya bambanta da na mai lambu, domin ke in kina son wuta da dare sai da batir. Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ruwa, na dalma, wanda ya fi sauƙin kuɗi amma a zafin ƙasarmu da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku, kuma in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai kai haka ba. Ƙa'idarsa kada a sha fiye da rabinsa kafin a sake caji. Akwai kuma na litiyom, mai tsada, wanda ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Dabarar da za ta rage miki kuɗi ita ce ki sa firizar ta yi aikinta da rana, kayan su daskare tun kafin la'asar, da dare a rufe ta ruf kada a riƙa buɗewa. Ƙanƙarar da ke ciki ita ma ajiyar sanyi ce. Kada a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa a layin, su ne ke kashe batir. Sa'an nan in batirin dalma ya mutu, kada a bar shi a tsakar gida, kada a fasa shi, a mayar wa masu saye. Ke da ke Zamfara ba sai an gaya miki illar dalma ba. A 2010 gubarta, wadda a wancan karon daga duwatsun zinariya da ake daka a gidaje ta fito, ta hallaka yara fiye da 400 a jihar. Kafin ki samu halin sauyawa kuma, janareta ya zauna a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Ta uku daga wani Alhaji ne mai fataucin hatsi tsakanin kasuwannin ƙauye da Dawanau. Ya ce kuɗin mota ya kusa kama kuɗin kaya, kuma yana jin ana maganar mayar da motoci kan gas, shin wane gas ɗin?

Alhaji, tambayarka a kan hanya take, domin abu uku muke kira da suna ɗaya. Akwai man gas, watau dizal, wanda tirela da injin niƙa ke sha. Akwai gas ɗin girki na cikin tukunya. Akwai kuma iskar gas da ake matsewa da ƙarfi a cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, wadda ake kira CNG, ita ce gwamnatin tarayya ta fito da shirinta a 2023 don motocin haya. Ita ma daga ƙarƙashin ƙasa take, ba ta kai rana tsabta ba, amma hayaƙinta bai kai na fetur da dizal ba, kuma Nijeriya tana da ita da yawa. Matsalarmu a arewa ita ce nisa da inda take. Don haka aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020. Kafin ka kashe kuɗin juya mota, ƙirga wuraren shan gas ɗin da ke kan hanyar da kake bi da idonka. Kuma kada ka yarda wani mai walda ya haɗa maka tukunya. A watan Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta bogi ta tarwatse a wurin shan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Manoman da suka sauya kafiretar injin ban-ruwa zuwa gas ɗin girki tun 2023, su ma su riƙa gwada tiyon da ruwan sabulu don gano yoyo, su ajiye tukunyar a inuwa, su kuma riƙa kwatanta kuɗin kilo da na lita, don shi ma gas ɗin hawa da sauka yake yi. Ita kuwa babbar motar da ke ɗauko maka buhu ɗari uku, gaskiya rana ba ta da abin da za ta yi mata a yanzu. Abin da ke hannunku shi ne ku haɗa kaya mota ta cika, kuma a nema mata lodin dawowa kada ta komo wayam.

Ta ƙarshe daga wani ɗan'uwa ne a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, yana tambaya me ya sa cire tallafi a Nijeriya ya taɓa su, alhali suna da matatarsu.

Malam, matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana. Shekara da shekaru man Nijeriya mai rahusa da ke shigowa a jarkoki shi ke cike giɓin a garuruwan kan iyaka. Da ya yi tsada a 2023, sai masu saye suka koma gidajen mai, nauyin ya faɗa kan matatar. A shekarar ce kuma, bayan juyin mulkin watan Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ku, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, har zuwa 2024 da aka mayar. A cikin wannan duhu tashar sola ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki ta rage wa babban birnin raɗaɗi. Lissafin da muka yi wa manomin Haɗeja zai yi wa masu albasa na Galmi da masu lambu a gulbin Maraɗi aiki, sai dai a mayar da shi sefa.

Masu tambaya a kan tsadar kananzir da gawayi, da murhun da ke rage cin itace, wasiƙunku sun iso, su ne a gabanmu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A riƙa rubuta sunan gari da irin sana'a a jikin wasiƙa, don amsar ta dace da mai ita. Wassalam.